Takin da Ya Fito da Sunana

Zuwa ga Yayana Dattijo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyarka, da ta Baffa Sule, da ta Yaya Hajara da yara, da duk wanda ke kwana cikin gidanmu. Ni ma nan Ikko da sauƙi, sai dai gajiya da ta zame mini riga.

Bayan haka, kada ka yi mamakin ganin wannan a jarida maimakon ambulan. Na san halinka. Da ta hannun direba na aiko, da ka karanta ka ninke ka tura ƙarƙashin tabarma, ka aiko mini da cewa ba komai. Amma na san Malam Audu tela yana karanta wa jama'a jarida ranar kasuwar Maska, kuma ba ya tsallake layi. So nake a ji, don ka rasa ƙofar ƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka yi haƙuri in faɗi abin da ka riga ka sani, saboda masu saurare. Ni da kai 'ya'yan wa da ƙane ne. Dukanmu sunan Kaka Haruna aka sa mana, kai da farko, ni bayan ka fara tafiya. Da yake iyayenmu mata ba su faɗin sunan surukinsu, sai kai ka zama Dattijo, ni na zama Abba. Goggo tsohuwa kan kama mu hannu bibbiyu ta ce, Allah Ya karɓe mata miji ɗaya Ya biya ta da biyu, kuma duk ba mai cefane. A gidanmu ba a taɓa ruɗewa ba. Ko akuya ta san wane ne wane.

Da malaman gona suka zo rubuta manoma don rabon takin zamani, ƙa'idarsu ita ce sunan yanka da sunan mai gida. Mai gida kuwa Baffa Sule ne, tun da shi ke riƙe da gandu. Aka rubuta Haruna Sule, aka sake rubuta Haruna Sule. Ni aka fara rubutawa, don ina hutun makaranta, ni na shimfiɗa musu tabarma a zaure, ina ta nuna musu ina jin Turanci. Kai kana gona. Sai da aka aika aka kira ka, ka zo da ƙasa har gwiwa. A gaban sunana aka sa 'yar gayaunar da ke bayan rijiya. A gaban naka aka sa gonar auduga, da ta masara, da shanun huɗa.

Shekaru aka yi ana ba kowa nasa, saboda da hannu ake duba takarda, kuma malamin gonar ya san fuskarka.

Makon jiya na je kasuwar 'yan gwari na haɗu da Alhaji Isa, direban Danja da ke kawo tumatir. Muna shan fura ya tambaye ni ko masarar da ka aiko mini ta yi daɗi. Na ce ta yi. Ya dube ni ya ce ai dole ta yi, tun da ita kaɗai ta ci taki a gidanmu bara. Da ya ga ban gane ba, ya so ya janye maganar. Ban bar shi ba.

Ya ce ka je rabon taki aka duba aka ce Haruna Sule buhu biyu gare shi, na gayauna. Ka ce kai ne mai gonar auduga, aka ce babu wannan a takardar da inji ya fitar. Ka koma, ka sake komawa, kuɗin mota ya ishe ka. Daga baya ka ɗauko buhunan biyu a bayan keke. Ya ce har Baffa ya ce ka zuba wa audugarka, ka ce a'a, da sunan gonar Abba ya fito, gonar Abba zai ci. Ka huɗe gayaunata da shanunka, ka zuba mata, ka nome ta. Audugarka kuwa ta tsaya iya gwiwa, ganye ya yi ɗorawa. Wurin awo aka ba ta daraja ta ƙasa. Rufin kwanon da ka yi wa Yaya Hajara alkawari bai samu ba.

Masarar kuma ka aiko mini da ita nan.

Yaya, na ci. Wata da watanni ina ci. Na raba wa maƙwabta ina cewa daga gonata take, can Arewa, ina ɗaga kafaɗa. Har tsaki na yi da aka ce in biya ɗan dako ya hau mini da ita bene. Tun ranar da Alhaji Isa ya faɗa mini, ragowar na nan a kusurwar ɗaki, na kasa ci, na kasa bayarwa, na kasa kallo.

Abin da ya ƙara mini kunya, kafin ya rufe baki na san abin da ya faru, domin aikin da nake ci da shi ke nan. A kamfanin da nake, ɗaki ne mai sanyi kamar randa, ina zaune gaban kwamfuta tun safe. A cikinta kowane mutum layi guda ne. Layin nan an yanka shi gida-gida: gidan suna, gidan unguwa, gidan girman gona, gidan abin da ake shukawa. Sai manya su ce suna ya maimaitu da yawa, a fitar musu da kowane suna sau ɗaya tak, amma su ga duk sauran gidajen a gabansa. A baki magana ce mai sauƙi. To, in Haruna Sule biyu ne, ɗaya da gayauna, ɗaya da gonar auduga, wace gona za a sa gaban sunan? Injin ba ya haɗa biyu su zama ɗaya, kuma ba ya tambaya. In ba a gaya masa wanda zai riƙe ba, wanda ya fara cin karo da shi yake ɗauka, ya bar sauran a duhu. Ni ya fara cin karo da shi. Saurin shimfiɗa tabarma ya fi ƙasar da ke gwiwarka.

Na sha faɗa wa shugabana nan cewa suna kaɗai ba ya raba mutane. Yakan ce in yi abin da aka sa ni. In yi. Ban taɓa ganin fuskar waɗanda ke faɗuwa ba sai da taka ta zo.

Raina ya ɓaci da mutanen ofishin rabon takin, ba zan ɓoye ba. Mota gare su, mai gare su. Tambaya ɗaya ga mai unguwa ta isa. Wanda duk ya girma a ƙasarmu ya san gida guda na iya tara masu sunan kaka uku. Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta. Ba haka kawai suka tashi tace sunaye ba. Mutanenmu ne suka riƙa rubuta kansu a unguwa biyu, suna canza girman gona don a ce ba su ba ne, su karɓi taki su kai kasuwar Funtua. Mun san su, wasu muna sallah sahu ɗaya da su. In aka ce sai layi ya yi daidai da layi a kowane gida kafin a cire, waɗannan duk sun tsira. In aka ce suna kawai za a duba, irinka sun faɗi. Aka zaɓi na biyu.

Na ji ana zagin Risikatu, mai buga injin ofishin, ana cewa Bayarabiya ce ba ta san mu ba. A bar wannan. A Funtua aka haife ta, ajinmu ɗaya a makarantar koyon tafireta, Hausarta ta fi tawa yanzu. Abin da aka sa ta ta yi, kamar yadda nake yi. Na rubuta mata cewa a ƙara gidan laƙabi, ko a ba kowa lamba tasa. Na tabbata za ta kai maganar sama. Na kuma san yadda magana ke kwana a sama. Damina ba ta jiran sa hannu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kafin a rufe rubutun bana, ka ɗauki mai unguwa da wannan jarida ku je ofishin. A share layina. Gayaunar bayan rijiya a mayar da ita gaban sunanka, ta zama taka, halak malak. Baffa shaida ne, duk wanda ke zaune a rumfar Malam Audu shaida ne.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Abba zai dawo, ina zai sa fartanya? Kai kaɗai ka rage kana faɗin haka, Yaya. Kowace sallah nakan rubuto cewa baɗi ina gida, kai kuma ka riƙa nome mini wuri kamar mai share ɗakin baƙo. Hannuna ya yi laushi, ko igiyar guga sai ta sale shi. Na riƙe gayaunar nan ne don in sami abin faɗa wa mutanen nan idan sun tambaye ni ko ina da wani abu a garinmu. Abin faɗa bai kai rufin ɗakin Yaya Hajara ba.

Na tuna ranar da za ka raka ni tasha. Ka ɗora akwatina a ka tun daga gida, ka hana ni karɓa, ka ce mai zuwa birni ba ya isa da wuya a karkace. Kana ɗauke da kayana tun ranar. Sauke haka nan.

In Allah Ya sa na zo, ba gona zan nema ba. Ka ba ni tabarma a zaure, in zauna in ga audugarka ta wuce kafaɗa.

Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya tsare shuka daga tsutsa da fari. Allah Ya ƙara wa Baffa lafiya, Ya jiƙan Goggo da Kaka Haruna. Allah Ya saka maka da abin da ni ba zan iya ba, Ya sa ka yafe mini masarar da na ci.

Ka gaida Yaya Hajara, ka ce mata ta fara tambayar kuɗin kwano.

Ni ne ƙanenka,
Abba.
Haruna Sule kuwa, daga yau kai kaɗai ne.