Ki Bar Ƙullin Wanki a Gida

Ousseina,

Na tafi unguwar Mahdiya karɓo motar maigidana Mansour. Ƙarfe bakwai ina ƙofar gida, ku shirya.

Shekaranjiya da na kai baƙi tafkin Gabroun, na zaga bakin ruwan da ƙafata don in gwada hanyar. In an bi ta gindin dabinai babu hawa, ga inuwa. 'Yarmu Nour za ta iya, ke ma da cikin nan naki za ki iya, muna tafe muna hutawa. Ki sa mata takalmi rufaffe, rairayin yana zafi da hantsi.

Na ga ƙullin wanki da sabulun da kika ajiye bayan ƙofa. Ki mayar da su. Wannan ba tafkinku na Madarunfa ba ne. Gishiri ne zalla, sabulu ba ya kumfa, riga in ta bushe sai ta tsaya da kanta. Jarka biyu kawai za ki cika da ruwan gida, na ɗauraye jiki.

Shekara uku kina yi wa mutanen unguwar Gurda wanki, ba ki ga ruwa ba sai a roba. Yau hannunki ba zai taɓa sabulu ba. Zama za ki yi ki kalle shi.

Zabeirou