Gefen Ƙofa

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina tambayar lafiyarki da ta Auta da maigidanta. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma ɗinkin? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yau mako shida da kwana biyu ke nan da aka yi miki aikin mahaifa, kika koma gidan Auta jinya. Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini yawa. Da la'asar rana takan ratso labulen falo ta kwanta a kujerarki, in zauna ina kallonta har ta zame ƙasa a hankali, kamar mai tashi ta je ɗora ruwan shayi.

Auta ta ce likitar motsa jiki tana so in halarci zamanku na Laraba. Na shaida mata cewa ni tsohon sufeton gine-gine ne, ban ga abin da zan tsinana a sha'anin mata ba. Sai ta ce, "Baba, ba duba bango aka ce ka zo ba. Ka zo kawai, kuma don Allah ka bar ɗan littafin nan naka a gida." Zan zo. Batun littafi kuwa, ban yi alkawari ba.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Sufeto

Zuwa ga uwargidana,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kun isa gida lafiya jiya. Na rasa bakin magana a gabanki, shi ya sa na koma ga biro, wanda bai taɓa ba ni kunya ba.

Har yanzu ɗakin likitar nan yana yawo a idona: shuɗiyar katifar roba, da ƙatuwar ƙwallo a kusurwa, da ƙashin ƙugu na roba da ta ɗauko ta juya a hannunta. Ta ce a ƙasan mara akwai tsokoki masu tallafe da mafitsara da mahaifa kamar yadda zanen goyo yake tallafe da yaro, kuma haihuwa bakwai da shekaru sun sassauta naki. Tiyata ta gyara abin da ya sauko, amma ƙarfin sai ke za ki maido da shi: ki matse kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar kina numfashi, ki saki gaba ɗaya. Duk na rubuta, har ina jin daɗin tsarin aikinta.

Sannan ta tambaye ki, "Mama, tun yaushe fitsari yake kuɓuce miki in kin yi tari ko atishawa?" Kika dubi tafin hannunki kika ce, "Shekara shida."

A nan biro ya tsaya mini. Shekara shida da suka wuce ne na ce ina jin zarni da damshi a ɗakinmu. Na rantse bututun banɗaki ne yake tsiyaya cikin bango. Sau uku na kira mai gyaran famfo, na sa ya fasa siminti, na tsaya a kansa ina faɗa don bai samo komai ba. Ke kuwa kina bakin ƙofa riƙe da ruwan da kika kawo masa. A cikin wancan makon ne kika kwashe kayanki kika koma ƙaramin ɗakin da ke jikin banɗaki, kika ce ya fi iska. Ni da na auna tagar ɗakin nan da hannuna, na san ba ta fi faɗin jarida ba, na yarda. Har na yi ta alfahari cewa na yi maganin matsalar, tun da warin ya ɗauke.

Shekara talatin da biyar ina gano ɓarakar gidajen mutane, amma wadda na yi da bakina a gidana ban gan ta ba. Ki yafe mini. Roƙona ɗaya ne: in za ki dawo, ki dawo ɗakinmu. Kada ki ce sai kin warke. Likita ta ce wata uku ko fiye, ni kuma a shekaruna ba na ba wa wata uku amana.

Mijinki mai jiran amsa,
Sufeto

Zuwa ga uwargidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin labarin da Auta ta kawo, cewa yanzu kina kai ƙirga takwas, kuma shekaranjiya kin yi atishawa ba abin da ya faru, har kuka tafa. Barka. Don in tabbatar takardar atisayen da likita ta ba ki ba ta da kuskure, ni ma na gwada a kujera. A huɗu na sare. Kada Auta ta ji.

Kwana tara na yi ba amsa. A cikinsu, wata azahar barci ya sace ni, na gan ki kina tafiya a bakin wani kogi marar suna, da ƙuruciyarki, ba kya waige-waigen neman inda banɗaki yake. Na yi ta ƙwala miki kira, muryata ba ta fita. Da na farka na ce a raina, shi ke nan, amsar ke nan.

Sai ga Auta da safen nan, ta miƙo mini takardar atisayenki a ninke tana danne dariya. A bayanta na ga rubutunki, layi biyu: "Sufeto, ban warke ba tukuna, kuma ina tashi sau biyu kafin asuba. In kana so in dawo, ka bar mini gefen ƙofa."

Kin sani sarai tun ranar da muka tare nake kwana a wannan gefen, kuma ina da dalilai huɗu masu ƙarfi, waɗanda na sha karanto miki. Na zauna na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙarfi.

Na mayar da matashina jikin bango. Na ɗauke teburin da ke tare hanya, na sayo shimfiɗar roba mai laushi irin wadda likita ta ambata, na sa a ƙarƙashin zanen gado, kuma daga wannan gefe har wancan na shimfiɗa ta, don kada a ce ta wani ce.

Ki faɗa wa Auta ranar. Zan zo da kaina, ba kuma za ki ɗaga ko jaka ba.

Mijinki na gefen bango,
Sufeto