Ayar da Ishaku Ya Soke

Garin Yakuba, ƙasar Dogon Dutsi
9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Lidiya da yara. Mu nan sai godiya, ka dai san shekarar da muke ciki.

Yaya, ran Litinin jandarma suka kama maigidana, Baban Esta. Ka san yadda ake yi a garin nan in fari ya zo. Kowane gida ya kai ɗan irin da ya samu wurin mutum guda, a zuba a rumbu, a liƙe da laka, ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka. Don in iri yana ɗakinka, yaro ya kwana biyu yana kuka, za ka daka shi. Bana gida goma sha ɗaya suka kawo mana nasu, Kirista da Musulmi.

Jandarma suka fasa rumbun, suka ce ɓoye hatsi yake don ya sayar da tsada. Ya ce musu ajiya ce. Babbansu ya ce, "Tsoho, doka ba ta san ajiya ba." Suka kwashe irin a babbar mota kamyo, shi kuma an kai shi kaso a Yamai, wai tare da manyan ƴan kasuwa za a yi musu shari'a. Ka san ƙirjinsa. Tarin nan ba zai bar shi ya yi shekara a kulle ba.

Kai ne ke koya wa alƙalai shari'a a jami'a. Tun da ka tafi karatu Faransa ban taɓa roƙonka komai ba. Ka fid da shi, Yaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Dabora

Plato, Yamai
21 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Dabora,

Bayan gaisuwa da jaje. Takardarki ta iso, raina ya ɓaci da abin da ya sami maigidanki Markus.

Kin ce ni ke koya wa alƙalai. Bari in gaya miki abin da nake koyarwa. Shekara bakwai na yi a Faransa ina karanta tsarin mulki, wato dokar da ke gaya wa mai mulki inda ikonsa ya tsaya. Na dawo ban jima ba soji suka ɗauki kundin suka jefa a aljihun tebur. Shekara goma ke nan. Har yanzu ina tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu bayanin abin da babu shi. A layin baya akwai wani mai baƙin tabarau da bai taɓa zaman jarrabawa ba, amma ya fi kowa rubutu. Shi ya sa na fi karkata ga dokar kasuwanci. Ba a kama mutum don ya yi magana a kan buhu da awo.

Dokar da aka kama Markus da ita sabuwa ce. Ayarta ta bakwai ta ce duk wanda aka samu da hatsin da ya wuce cin gidansa na wata uku, ba shi da takardar izini, mai ɓoye hatsi ne. Ba ta tambayar ko na wane ne. Ba ta yi kyau a nan wurin ba, amma haka take.

Na samo masa lauya, Raliya, tsohuwar ɗalibata ce, ba ta da tsoro. Lidiya tana kai masa abinci da magani. Ni aiki ya riƙe ni, ban samu zuwa ba tukuna. Kada ki wahal da kanki da zuwa Yamai.

Ki gai da gida.
Yayanki, Ishaku

Talaje, Yamai
3 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na zo Yamai duk da ka hana. Gidan fasto na sauka a Talaje, ɗiyarsa ce za ta miƙa maka wannan.

Na ga Baban Esta. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Abin da ya fara tambaya, "Malam Ishaku lafiya? Ko ciwo ya hana shi zuwa?" Na ce aiki ne.

Na ga lauyar taka kuma. Yarinya ce mai kirki. Ta juya takardun nan, ta juya, sai ta ce, "Mama, ni ban ga ƙofa a ayar nan ba. Wanda ya gina ta ya iya gini. Ki tambayi yayanki." Na ce me zan tambaye shi? Ta dubi ƙasa ta ce, "Ai duk jami'a an san hannun malaminmu Mushe Ishaku ne."

Ban taho gidanka a Plato ba, don ba na so Lidiya ta ji daga bakina. Jibi zan koma gida, babu kowa wurin yara. Ka rubuto mini ka ce ƙarya ne, zan yarda.

Dabora

Plato, Yamai
12 ga Fabrairu

Dabora,

Ina gaishe ki, in za ki amsa.

Ba ƙarya ba ne. Ni na rubuta.

Bayan damina ta watse ba a girbe komai ba, wani kumandan mai suna Amadu ya aiko mota ta ɗauke ni. Ya ce mutane suna mutuwa a bakin gari, alhali wasu sun cika magaza, ɗakunan ajiyarsu, da hatsi sun garƙame suna jiran farashi. Gaskiya ya faɗa, na gani da idona. Ya ce yana son doka cikin mako guda. Dabora, na ji daɗi. Shekara goma ba wanda ya nemi ilimina, ga shi an aiko mini da mota.

Kada ki ce na manta da rumbun iri. Da mantawa na yi, da sauƙi. Babanmu ya riƙe irin garin nan sau biyu a gabanmu. A rubutuna na farko akwai aya ta takwas, wadda ta ce ajiyar iri ba ɓoyewa ba ce muddin maigari ya shaida. Layi uku ce kawai.

Ranar da muka zauna dubawa, mu shida ne a ofis mai sanyi. Wani mai ba minista shawara, wanda muka yi Faransa tare, ya karanta ayar da ƙarfi, ya ajiye takardar ya ce, "Ashe Farfesa rumbun tsohonsa yake so mu shigar a jaridar gwamnati. Sai mu ƙara kajin tsohuwarsa." Aka yi dariya. Kumandan ya ce kowane ɗan kasuwa zai iya cewa nasa ma ajiya ce. Amma bai ce in soke ba. Cewa ya yi, "Kai ne masani, Mushe, yadda ka gani."

Ina da amsa. Maigari ya san wanda ke noma da wanda ke sayarwa. Ban faɗa ba. Na ɗauki jan biro na ja layi a kan ayar, na yi dariya tare da su. Ba bindiga aka ɗora mini ba. Kunya na ji a ce ɗan ƙauye ne ke magana, ni da gemuna ya yi fari.

Abin da ya hana ni zuwa wurin Markus ke nan. Ran ashirin da shida za a yi shari'ar. Na gaya wa Raliya ta kira ni shaida. Zan kai rubutun farko da jan layin a kansa, in faɗa a gaban kowa cewa ba irin su Markus dokar take nufi ba. In gidan Plato da aikin jami'a za su tafi, su tafi.

Yayanki, Ishaku

Plato, Yamai
10 ga Maris

Dabora,

Gaisuwa. Ba ki amsa waccan ba, ban ga laifinki ba.

Na tsaya a gidan shari'a kamar yadda na ce. Na yi magana kusan awa guda, ban taɓa yin darasi mai kyau irin wannan ba. Alƙalin, Abdulaye, shi ma ta hannuna ya bi. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Mushe, kai ka koya mana cewa alƙali takardar da aka sa wa hannu yake karantawa, ba zuciyar wanda ya rubuta ta ba. Har maki sha shida bisa ashirin ka ba ni a kan wannan tambayar." Ya yanke wa Markus shekara uku. Da za a fita da shi ya wuce ta gabana, yana tari, ya ce, "Malam Ishaku, ka sha magana, sannu." Ko harara bai yi mini ba.

Ba wanda ya kore ni daga aiki. Ban kai a kore ni ba.

Sai na tafi wurin Kumandan Amadu. Kwana huɗu ina zaune a bencin ƙofarsa tare da masu neman takardar mota. Ran na biyar ya ce in shigo. Na fara kawo masa hujja, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, bar mini darasi, nan ba lakkol ba ne. Surukinka kake so?" Ya ɗauki tarho, bai yi minti biyu ba ya ajiye. Za a saki Markus saboda rashin lafiya. Abin da karatun shekara talatin ya kasa ke nan. Irin kuwa an riga an raba shi a matsayin abincin agaji, an cinye.

Na miƙe ina godiya, ya ce in zauna. Ya ce ɗalibai sun fara taruwa suna maganar rabon hatsi, yana son doka da za ta ba da damar tsare duk wanda ya kira taro ba izini, ba sai an kai shi gaban alƙali ba. Ya ce, "Irin waccan nake so, wadda ba ta da ƙofa."

Na san waɗanda za ta kama. Na san sunayensu, na san inda kowannensu ke zama a aji. Na karɓa, Dabora. Ran Alhamis Markus zai shiga motar Dogon Dutsi, Lidiya za ta raka shi. Ki tanadi mai ɗauko shi daga bakin hanya, ba ya iya doguwar tafiya.

Ki huta lafiya.
Ishaku

Garin Yakuba
18 ga Maris

Yaya Ishaku,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Baban Esta ya iso. Yana shan kunu, jiya har ya fita ƙofar gida.

Ya tambayi yadda aka yi aka sake shi, sai na karanta masa takardarka, ban tsallake komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Daga baya ya ce ashe ƴaƴan wasu ne za su shiga inda ya fito. Ya ce in gaya maka, da an tambaye shi, da ya zauna a kaso.

Ni ban ce haka ba. Ni na ce ka fid da shi, kuma ina jin daɗi da ya dawo. Ran Lahadi fasto ya ce in tashi in ba da shaidar godiya a majami'a, na kasa tashi.

Ka gai da yara.
Ƙanwarka, Dabora