Daren da Gul Ya Ƙi Fitowa

Sidra, 19 ga Agusta, 1996

Zuwa ga aminina Humaid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka da ba ta taɓa hana ka zagaya kasuwar Matrah ba amma kullum ita ke hana ka zuwa ganinmu. Mu nan lafiya lau. Dabino ya yi kyau bana, ruwan falaji, magudanar da ke shayar da gonakinmu, bai ja baya ba, alhamdu lillahi.

Na zaɓi takarda ne don wayar kantin nan tamu ba a magana a cikinta sai rabin gari ya ji. Ko da yake wannan labari da so samu ne duk garin ya ji sau biyu.

Sakamakon 'yata Asila ya fito. Ita ce ta ɗaya a lissafi a duk yankinmu, maza da mata, kuma gwamnati za ta tura ta jami'a a waje ta karanta taurari. Taurari, Humaid! Ka ajiye takardar ka sake karantawa. 'Yar Khalfan, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya zaune kan dutsen bayan masallaci yana jiran tauraro ya leƙo daga bayan tsauni don ya yi kira a juya ruwa daga gonar wane zuwa gonar wane. Ubana ya zauna kan dutsen nan, ubansa ma haka. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, kuma ka san irin kallon tausayin da ake yi min a majalisa saboda haka. To ranar Juma'a na shiga majalisar da tire biyu na halawa, na ce kowa ya ci, gidanmu ya sami magaji, kuma da takardar gwamnati. Har Sulayyim, mai tsohon ƙulli da ni, ya ci, ko da yake ya tauna kamar ana bin sa da sanda.

Ba banza ba. Tun tana shekara biyar take hawa soro bayan isha'i tana leƙen abin da nake kallo, da safe ta tare ni da tambaya kafin in kurɓi gahawa. Uwarta Zuwaina ta yi faɗa har ta gaji. Tana shekara tara ta iya jera taurarin rabon ruwa gaba ɗayansu, daga na farkon dare har na asuba, ba ta tsallake ko ɗaya.

Abin da ya rage takarda ce da zan sa wa hannu a matsayin uba, a mayar da ita kafin ƙarshen Satumba. Akwai gida biyu a ciki, kowanne da fannin karatunsa, ɗaya za a zaɓa. Na farko falaki, wato sanin inda tauraro yake, yaushe yake fita, yaushe yake faɗuwa, a auna, a rubuta. Aikinmu ke nan sak, sai dai su da madubin hangen nesa. Na biyu, yadda ta bayyana min, ba ruwansu da inda yake, so suke su san me ke cikinsa, me ke ci a jikinsa har yake haske, duk da lissafi. Ta ce wasunsu sai su shekara ba su ɗaga kai sama ba. Na ce ashe mahauta ne, fiɗar taurari suke yi. Ta yi dariya.

Ni dai ban ga abin shawara a nan ba, na farkon za mu zaɓa. Alƙalamina ne ya ƙare da tuni na sa hannu. Ka aiko min da mai kyau, irin na manyan ma'aikata, ba zan sa hannu a wannan takarda da alƙalamin kanti ba.

Ka gaida Ummu Talal da yara. Zuwaina na gaishe ku, ta ce buhun dabinonku na nan a ajiye.

Naka har kullum,
Khalfan

Sidra, 6 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Humaid,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Alƙalami ya iso, na gode, yana nan cikin kwalinsa ban buɗe ba. Na kuma ga shawarar da ka liƙa a ƙasan wasiƙarka, wai in tambayi yarinya abin da take so. Wa ya aike ka? Na tambaya, ga shi ka jawo min.

Fiɗar take so.

Kwana biyu ban yi mata magana ba. Na riga na raba halawa, Humaid. Na riga na faɗa a gaban mutane cewa dutsen ya sami magaji. Kai ka san yadda abin yake yanzu, tun da aka kawo lantarki matasa da agogo suke juya ruwan dare, tsofaffi shida ko bakwai ne kawai ke jiran kirana. Na ɗauka idan ta dawo da takardar falaki za a ce, ashe abin nan da Khalfan ke yi ilimi ne. Yanzu in koma in ce musu me?

Rana ta uku ta same ni a gona ina gyaran bakin kwata, ta zauna kan kututture, ta ce za ta faɗa min dalili. Sai ta ɗauko maganar da ba mai ɗauko ta a gidana.

Kana gari lokacin, amma bari in tuna maka. Tsakiyar zafi ne, shekara goma sha takwas ke nan. Zuwaina na naƙuda a gida, ni ina kan dutse, don ba mai karɓa ta. Ina jiran tauraron da muke kira Gul ya fito in kira Sulayyim ya karɓi ruwa. Na jira, na jira, bai fito ba. Sai ganin wanda ke bin bayansa na yi ya leƙo, lokacin rabon Sulayyim ya riga ya wuce. Dashen lemonsa na ƙarshen gona, da bai sami ruwa ba sai bayan kwana tara, ya bushe ƙurmus. Na rantse a majalisa cewa ban tashi daga wurin ba, tauraron ne bai fito ba. Aka yi dariyar da har yau ina jin ta. Sulayyim ya ce gida na gudu jin ko namiji aka haifa. Tun daga ranar, ko akuya ce ta ɓata a garin nan sai wani ya ce ta bi tauraron Khalfan.

Abin da ban sani ba, ita ma ana yi mata. Ta ce tun tana ƙarama mata ke kiran ta mai lemon Sulayyim a bakin falaji, ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta ce shi ya sa take hawa soro, Gul take gadi. Sau da yawa ta gan shi ya dusashe, ya koma daidai da ƙaramin da ke gefensa, wanda muke ce wa Ɗan Rakiya. Ni ma na sha gani, amma na ɗauka idona ne, kuma wa zan faɗa wa?

Malamarta, wata 'yar Masar, ta ba ta littafi. Wai Gul ba ɗaya ba ne, biyu ne suna zagaya juna, mai haske da marar haske. Kusan duk kwana uku marar hasken ke gittawa ta gaban ɗan'uwansa. Ta ɗauki ranar haihuwarta ta yi lissafi baya-baya, shafi huɗu, ta ce a daren, daidai lokacin fitowarsa, yana tsakiyar dusashewa, ga kuma ƙurar da ke kwanciya a gindin tsauni da zafi. Ta ce, "Baba, masu kallo sun rubuta cewa yana dusashewa. Masu fiɗa ne suka gano dalili. Ni dalilin nake so."

Na ce takarda ba ta gardama, duk abin da ka rubuta mata ta yarda. Idan lissafinta na iya komawa baya, ya je gaba mana. Ta buɗe shafi na biyar, ashe ta riga ta yi. Alhamis mai zuwa, bayan isha'i, ba wata a sama, ta ce zai fito a dusashe, kafin asuba ya dawo da haskensa.

Ka san ni da zuciya. Nan take na ce idan haka ta faru zan sa hannu inda take so, idan ba ta faru ba falaki za ta yi, a rufe maganar. Ban tsaya nan ba, yau bayan Juma'a na miƙe a majalisa na gayyaci kowa zuwa dutse, Laraba da Alhamis, su gani da idonsu. Sulayyim ya ce zai zo da fitila ko za a taya ni nema.

Zuwaina ta ce na haukace, wataƙila kuma ta yi gaskiya. Idan yarinyar nan ta kuskure ko da lamba ɗaya ce, na sami abin da nake so, amma ni da ita ba mu da sauran fuskar fita a garin nan. Wallahi ban san wanne nake roƙon Allah ba. Ka sa mu a addu'a kawai, Shi ya san wadda zai karɓa.

A gaida gida.

Amininka,
Khalfan

Sidra, 14 ga Satumba, 1996

Zuwa ga ɗan'uwana Humaid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Ka sa a zuba maka gahawa kafin ka karanta.

Ran Laraba mutum kusan ashirin suka zo. Na roƙi ladan ya kashe fitilar bakin masallaci. Gul ya fito tar, ya fi Ɗan Rakiya nesa ba kusa ba. Na ce kowa ya dube shi da kyau ya riƙe a ransa. Sulayyim ya ce ai ya riƙe shi tun kafin a haifi 'yata.

Ran Alhamis ban iya cin abinci ba. Wurin ya cika, har matasan agogo sun zo kallon tsoho zai sha kunya. Mata na kan soraye, ina jin muryar Zuwaina tana hana yara surutu. Na zauna kan dutsen, na kafa ido a tsagar tsaunin nan da yake fitowa. Lokacinsa ya yi, ba komai. Daidai haka aka yi min wancan dare. Wani ya yi tari. Can sai ga wani ɗan abu ya ɗago sama da tsagar, da ƙyar ido ke kama shi, ga Ɗan Rakiya a gefe, kai ka ce tagwaye ne. Wani saurayi ya tambaya ina Gul ɗin. Na nuna da sandata na ce ga shi nan.

Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin da suka san sama suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Sulayyim ya daɗe yana kallo, ya juya ya tafi gida.

Da asuba muna hanyar masallaci kowa kansa a sama. Yana can tsakar ka, ya dawo da haskensa kamar ba shi ba. A bakin ƙofa na tarar da Sulayyim yana jira na, takalmansa a hannu. Ya ce, "Khalfan, ashe kana wurin." Na ce, "Ina wurin." Shi ke nan abin da muka ce. Da hantsi a majalisa shi ya karɓi butar gahawa ya zuba min da hannunsa, kafin liman.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ko Zuwaina ban faɗa wa ba. Na rantse a wancan lokacin, kuma na yi ta maimaitawa, amma shekaru da yawa ke nan ni kaina na daina yarda da kaina. Nakan ce wataƙila hankalina na gida, wataƙila na runtsa ban sani ba, wataƙila rantsuwar ƙarya na yi a gaban mutane da Allah. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Yarinyar da aka haifa a daren ita ta cire min shi, da fensir da shafi biyar. Ni da kallona na shekara talatin da ɗaya ban iya ba.

Na buɗe alƙalaminka. Na sa ɗamarata da wuƙar ubana kamar ranar Idi, na kira ta, na sa hannu a gida na biyu, na rubuta sunana har da na kakana. Ta riƙe takardar ba ta tafi ba, ta tambaye ni to wa zai gaji dutsen. Na ce agogo. Abin ya yi min ciwo da na faɗa, ba zan ɓoye maka ba, yana kuma yi min har yanzu. Amma na ce mata mu uku mun zauna a kai muna gaida taurari daga nesa, ba wanda ya taɓa tambayar su komai, ta je ta tambaya.

Jibi zan kai takardar da kaina. Na sake yin odar halawa, tire uku wannan karon, don na farkon na magajin dutse ne, wannan na Asila ne. Kafin ta tafi za ta rubuta min duk ranakun da Gul zai dusashe har ƙarshen shekara, zan manna a bangon majalisa. Ka zaɓi ɗaya ka zo, kai da gwiwarka, in nuna maka da sandata.

Ka gaida Ummu Talal da yara da duk mai tambaya ta. Zuwaina da Asila na gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne naka,
Khalfan, baban Asila, wanda bai tashi daga kan dutsen ba