Ɓeran Wuta a Silin Zaure

Daga Babban Shugaban Masu Wutar Lantarki na duk ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, zuwa ga Malam Umaru Mai Albasa, tsohon da ya addabi soket ɗin garin nan shekara da shekaru. Sallama irin ta Musulunci, da fatan Allah ya sanyaya makwancinka.

Ofishinmu ya san wasiƙar ga ba za ta same ka ba. Wata huɗu ke nan da aka kai ka gabas da gari. Amma akwai ƙara a kanka, kuma dole a rubuta ta.

An shaida mana cewa kai ne kake bin ɗakuna bayan la'asar da sandarka, kana zare duk abin da aka maƙala a bango. Cajar waya wadda babu waya a jikinta, ka zare. Talabijin da aka kashe da rimot, ka zare. Kana cewa duk abin da ke da ɗan jan ido ba barci yake ba, ɓeran wuta ne, yana ci kaɗan-kaɗan kamar yadda ɓera ke yi wa rumbu. Jikokinka suna bin bayanka suna dariya. Akwai ɗaya daga cikinsu, marar kunya, wanda yake mayar da duk abin da ka zare kafin ka kai ƙofar gida.

To, Malam, ofishinmu ya bincika. Kai ke da gaskiya.

Bari in ba ka labarin gida. Albasar damina ta yi kyau, an kai buhunan farko kasuwar Aliero. Tunkiyarka mai baƙin kunne ta haifi biyu. Inna Hajo, matarka, wadda jikan nan naka yake cewa zai ƙwace maka, tana nan a ɗakinta. Sai dai ba lafiya lau ba.

Ka san ruwan allurar sugarta ba ya son zafi. Don shi ɗanka, Baffa Sahabi, ya sa mana sola da batir da ɗan ƙaramin firji, tun da wutar gari sai ta ga dama take zuwa. Kana raye batirin yana kai firjin har rana ta fito. Da damina ta kama, hadari ya yi ta rufe sama, sai ya fara gazawa. A wayi gari a buɗe firji a ji shi ɗumi. Mako biyu da suka wuce Inna ta yi allura da ruwan da ya lalace ba ta sani ba. Ta yi ta shan ruwa, ta yi ta zagayawa, ranar Laraba da hantsi ta zube bakin murhu. Kwana uku ta yi a asibiti. Ni na riƙe mata kai a bayan mota, tana kiran sunanka, ba nawa ba.

Baffa ya ɗauko mai gyaran sola daga Aliero. Mutumin ya kashe firji, ya zare talabijin da dikoda da fanka da duk caja, daidai yadda kake yi. Ya sa na'urarsa a jikin waya. Lambar ba ta koma sifiri ba. Ya ce ko dai batirin ya gaji, ko akwai wani abu a gidan nan da ke sha bai san inda yake ba. Ya dubi kowa. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar wandona.

Malam, ka tuna jan idon da ke leƙowa ta hujin silin ɗin zaure?

Ka tuna yadda kake zaune kan buzu bayan magariba, ka ɗaga kai ka gan shi yana kallonka? Ka yi ta tofa masa addu'a. Ka sa a kira ladan ya gani, yana shigowa idon ya ɓace. Inna ta ce tsufa ne ya fara taɓa maka gani. Gwiwarka ba ta barin ka hau tsani, sai ka ce jikanka ya hau ya duba. Ya hau, ya sauko, ya rantse maka babu komai sai kashin jemage.

Tsohuwar sitabilaizar nan ce ta shagon Baffa, na'urar daidaita wuta mai nauyin dutsen niƙa. An hau da ita cikin silin, an ja mata waya ta bayan ginshiƙi. An ɗaura zare da ɗan kwali, in an ja zaren ta taga idon ya rufe, in an saki ya buɗe. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, wanda ya yi aikin ya ji kunya, ya ja zaren ya ƙulle a ƙusa. Idon ya daina fitowa. A wautarsa, tun da ba a ganin ido, abin ya mutu. Bai zare waya ba. Wata bakwai tana can sama da ɗumi a jikinta, babu abin da take yi wa kowa, sai shan wutar firjin Inna.

Sau nawa ka faɗa? Rufe ido ba kashewa ba ne, sai an raba shi da bango. Me ya sa na ɗauka zancen tsufa ne? Me ya sa ko da mai gyara ya faɗa, sai da na ƙara kwana biyar ina gaya wa kaina ɗan abin nan ba zai iya ba?

Na ce "na". To, shi ke nan, alƙalami ya riga ya zame.

Ranar Talata, da mata suka tafi suna a Jandutsi, na hau na zare ta. Na sauko da ita na tura ƙarƙashin gadona. Na bi ɗakuna da sandarka, wallahi da ita, na zare cajoji huɗu da dikoda da talabijin. Laraba da safe na sa hannu a firji, sanyi. Alhamis, duk da hadarin da aka wuni da shi, sanyi. Yau ma tun kafin in yi karatu na duba, kwalbar Inna har raɓa take yi.

Amma wannan bai gyara komai ba. Baffa ya riga ya yanke magana tun a asibiti. Ya ce batirin ba abin yarda ba ne, ba zai sake caca da ran uwarsa ba, yau Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo da mota ya tafi da ita gidansa a Maiyama. Inna ta ce ba za ta bar ɗakin da ka bar ta ba. Ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta. Jiya ba ta ci tuwo ba. Ta ninke rigunanka ta warware, ta sake ninkewa. Ka san ta, in aka ɗauke ta da ƙarfi ba za ta yi gardama a mota ba, za ta yi shiru ne, kuma shirun nan nata nake tsoro.

In na ce wa Baffa firji ya gyaru, zai ce sa'a ce ta kwana uku. Ba zai yarda ba sai ya ga dalili da idonsa. Dalilin yana ƙarƙashin gadona. In na fito da shi, na faɗa da bakina cewa ni na sa uwarsa ta zube bakin murhu, ni na sa ubansa ya ƙare kwanakinsa ana ce masa ya fara ruɗewa. Ka san zuciyar ɗanka. Ban san ko zan ƙara kwana a gidan nan ba. Ban san ko Inna za ta ƙara kirana mijinta ba.

Da kana nan me za ka ce? Ina jin za ka fara kai mini sanda, ka kuskure ni da gangan yadda ka saba. Akwai abin da ke ci mini rai. Ranar da na sauko daga tsani na rantse maka, ka daɗe kana kallon gwiwar wandona da ƙurar silin. Ka sani ne? Jira kake in faɗa da kaina? Ka yafe mini, Malam. Ban nemi gafararka kana ji ba, don ina ganin akwai gobe.

An yi kiran salla na farko. Na goge sitabilaizar, na naɗe wayarta, har zaren da kwalin na haɗa. In an sauko zan riga Baffa isowa, in ajiye ta tsakiyar zaure kan buzunka, ƙarƙashin hujin, in zauna kusa da ita. Ba zan gudu ba. Duk abin da zai yi mini ya yi, in dai mabuɗin ya kwana a bakin zanen Inna.

Na san tun layin farko ka gane. Wane shugaban masu wuta ne zai rubuto maka da ajami, da tawadar allo, da karkataccen harafin ƙafin nan da ka yi shekara uku kana miƙewa bai miƙe ba?

Sai mun iso. Allah ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya yankewa.

Ba shugaban kowa ba ne. Jikanka ne Bashiru, babban ɓeran gidanka.