Injinku Ya Ce Babu, Ƙanena Kuwa Yana Kwance

Zuwa ga Shugaban ɗakin gwajin da ke karɓar ruwan jikin marasa lafiya daga arewacin Togo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya jama'a? Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa a Sokodé. Ba zan ambaci sunan ƙanena ba, ciwonsa sirrinsa ne.

Falken shanu ne. A karar shanu ta Dapaong ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannun dama ya mutu. Likitar da ta duba shi ta ce garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma tana zargin wani ƙwaro da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, ya kwanta a jiki shiru, sai ƙarfi ya ƙare ya hau ƙwaƙwalwa. Ta ɗora shi kan magani, har ya fara gane mutane. Sannan aka ce akwai sabon gwaji, kyauta: a zuƙi ruwa a gadon bayansa a aiko muku, injinku ya nemi burbushin halittar ƙwaron. Ni na riƙe masa kafaɗu ana soka allurar, ihunsa har yau yana kunnena. Ga abin da ya tsaya mini a rai.

Na ɗaya. Mun dawo da shi gida Sokodé, sai sakamako ya biyo mu ta waya a kalma ɗaya: negatif, wato ba a ga komai ba. A gidanmu magana irin wannan gaban babba ake kai ta, babbanmu kuwa Kawu ne, wan mahaifiyarmu, in ya yanke ta yanku. Kawu ya ce tunda injin da kansa bai ga ƙwaro ba, to ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa saboda hassadar kara. Ya hana ƙwayoyin, aka koma turare da rubutu. Ba a je ko'ina ba jijjiga ta kama shi. Da muka ruga asibiti a nan, wani likita ya hau mu da faɗa, wai injin yakan rasa ƙwaron ko da yana nan, in ya gani tabbas ne, in bai gani ba ba shaida ba ce. Ikon Allah! Kun san haka, kuka jefo mana kalma ɗaya tsirara? Wa ya faɗa mana? Wallahi babu.

Na biyu, ruwan nan ya iso gare ku kuwa? Da idona na ga an miƙa kwalbar cikin kular ƙanƙara ga direban motar haya, aka cusa ta tsakanin buhunan albasa. Daga Dapaong zuwa Lomé inda kuke ba nan kusa ba ne, ranar kuma ana zafi kamar a gasa mutum. Ban san abin da ya rage cikin kwalbar ba, ban ma san ko ta ƙanena kuka buɗe ba.

Na uku, shi ne ke hana ni sukuni. Kafin gwaji ana ba shi magani, bayan gwaji an ce da an ci gaba da maganin. To me gwajin ya canza? Don wa aka yi shi, don ƙanena ko don ku gwada injinku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ƙasar da ko auduga sai ka saya, haka kawai a ce maka gwaji mai tsada kyauta ne? In bincike kuke yi ku faɗa, ba haramun ba ne, amma a tambaye mu da harshen da muke ji. Faransanci aka yi ta zuba mini, ina gyaɗa kai don kunya.

Yanzu an sake cewa a zuƙi ruwa karo na biyu. Kawu ya rantse ba mai ƙara taɓa bayan yaron, har ya yi magana da direban da zai kai shi wajen wani mai magani a Kambolé. In ya tafi, ƙwayoyin nan ba za su bi shi ba. Ni mace ce kuma 'yar ƙanwarsa, ba ni da bakin musa wa Kawu da hujjar da ni kaina nake shakka.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe: ku gaya mana gaskiyar yadda ruwan ya iso. Ku daina sakin sakamako ba bayani. Sannan ku sa a turo mai jin Hausa, babba mai furfura ba ɗan koyo ba, ya zauna gaban Kawu ya amsa cewa injinku yana kuskurewa. Daga bakinku kawai zai yarda, tunda da maganarku ya kafa hujja.

Ku hanzarta don Allah. Yau da safe ina ba ƙanena koko, ya dube ni ya kira ni Inna, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe a ƙasa.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya tsare zuriyarka daga irin wannan kwanciya.

Wassalam, daga yayar majinyaci, zangon Sokodé.