Sunan da Baba Ke Kira

Galmi, Nijar

Zuwa ga ƙanwata Sahadatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Na ba Sulley direban albasa wannan takarda, don a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

An turo mini shirinki na rediyo, inda kike ba da tarihin Zangon Kumasi. Har na ji suna ce miki "taskar Zango, 'yar Malam Mumuni". Taska! Ke da kike sulalewa kasuwar Adum kallon atamfa da zarar Baba ya fara labari bayan la'asar? Ni nake zama gabansa har ƙafata ta yi tsami. Kuma kin yi kuskure. Kakan Baba, Iliasu, bai zo da shanu ba. Da jakuna ya biyo ta Salaga, ya kawo kanwa ya sayi goro. Kin kuma tsallake matarsa Ba'ashantiya mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, wadda ta roƙar masa filin gidanmu wajen danginta.

Aure ya kawo ni nan, ba mutuwa na yi ba. Me ya hana a tambaye ni?

Yayarki,
Rafi'atu

Zango, Kumasi

Yaya Rafi'atu,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso, albasa ma ta iso, mun gode.

Kin yi gaskiya, jakuna ne. Na gyara a shirin Asabar, na ambaci Ba'ashantiyar ma. Amma tunda kin buɗe baki, bari in buɗe nawa.

Masu rediyo Baba suka zo nema, suka tarar ba ya iya haɗa zance da baƙo. Kansa ya rikice sosai paa, Yaya, mun ɓoye miki ne kawai. Da ni kaɗai yake labari, lokacin da nake ba shi koko. Ya ba ni labarin yadda jirgin ƙasa ya fara shigowa gari mutane suka watse da gudu, da gobarar da ta ci rumfunan 'yan goro. Ni kuma in kai rediyo.

Kin san me yake kirana? Rafi'atu. Ni ke wanke masa kaya, ni ke kai shi asibiti, ni na rufe shagona saboda shi. Ya kama hannuna ya ce, "Rafi'atu, ke kaɗai ke saurare na, ƙanwarki ba ta da natsuwa." Ni kuma in ce, "Haka ne, Baba."

Ke kina jin haushin sunan da rediyo ta ba ni. Ni a cikin gidanmu ma ba ni da suna. Ki zo ki karɓi kayanki.

Ƙanwarki,
Sahadatu

Galmi

Sahadatu,

Bayan gaisuwa, na iso gida lafiya daga Kumasi. Ki yi haƙuri da na taho ban yi miki sallama ba, na kasa ne.

Kina tsakar gida lokacin da na shiga wurinsa, ba ki ji ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce Rafi'atu." Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Daga wane gida?" Na fara masa labarin Iliasu da jakunansa ko zai tuna. Ya katse ni, ya ce wannan zancen gidansu ne, ba na baƙi ba, in jira 'yarsa. Da kika shigo da kofin koko, na ga yadda fuskarsa ta washe.

Mako guda ina zaune a bakin ƙofa ina jin yana ba ki abin da ban taɓa ji ba. Ki riƙe sunan nawa da yake kiranki da shi. Ni hannun da yake kamawa nake so, kuma naki ne.

Allah ya ba ki lada. Ban iya cewa na daina jin zafi ba.

Rafi'atu

Zango

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Jiya da safe Baba ya farka garau. Ya ce, "Sahadatu." Na tsaya da tsintsiya a hannu, na ƙi amsawa don ya sake faɗa. Ya sake. Sannan ya ce, "Ina yayarki? Ta manta da mu ne?"

Na ce kin zo, kin yi mako. Ya ce in daina ƙarya, da kin zo da ya sani.

Sulley zai juyo ranar Laraba. Na ce ya bar miki kujerar gaba.

Taki,
Sahadatu